Sunaye Ɗari Huɗu da Sha Biyu Suna Kano

Matameye, Laraba, 12 ga Mayu, 2010

Zuwa ga ƙanena Gambo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Safiyatu da yara, Ya ƙara muku rufin asiri a nan Kano. Mu ma mun gode Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita ƙofar gida ta tsawata wa awakin maƙwabta. Ƙanwarmu Rabi ta sauka ranar Juma'a, an samu mace, uwa da 'ya lafiya. Ruwa kam har yau ko ɗigo, rumbuna sun daɗe da ƙarewa, mutanen ƙauye sun koma kan ganye da dusa. Tun Litinin nake kiran wayarka ba ta shiga, shi ya sa na koma ga biro da takarda. Ka karanta da takalmanka a ƙafa, don fita za ka yi.

Ka san ni ce magatakardar ƙungiyar matan nan tun da na bar koyarwa a lakwal, makarantar boko. Wata uku na yi ina yawo a ƙauyukan Kurni da Dungu da Ɗan Barto ina rubuta gidajen da yunwa ta fi ci: sunan uwa, yawan yara, da awon damtsen kowane yaro. Gida ɗari huɗu da sha biyu. Takardun hannu na aika Damagaram tun watan Maris, amma tun da sojoji suka karɓi mulki ake ta sauya shugabannin ofisoshi, yanzu ba wanda ya san durowar da suka kwana. Abu ɗaya zan yaba, an daina hana mu kiran yunwa da sunanta. Masu rabon hatsi za su zo Litinin mai zuwa, sun kuma faɗa mana ƙarara cewa jerin da ke cikin na'ura kawai za su bi. Wanda ba ya ciki, ba shi da ko tiya ɗaya.

Jerin yana cikin tsohuwar ordinatar ɗina, wato kwamfuta, wadda ke mutuwa duk lokacin da ta ga dama. Da aka ba ƙungiya sabuwa, na ƙi a yi amfani da 'yan kile ɗin nan da ake sokawa a gefe a kwashi bayanai, don duk kile ɗin garin nan cuta ce fal a cikinsu. Sai Idrisa na Kawu Sule, wanda ya yi wata shida yana koyon na'ura a Damagaram ya dawo yana tafiya kamar shi ya ƙera ta, ya ce zai haɗa su biyun da kabul, komai ya wuce kai tsaye. Ya kawo wata shuɗiyar waya, ya soka nan ya soka can, ya ja dosiyoyin da bayanan ke ciki. Gambo, kafin in zuba shayi a kofi ya ce an gama. Na ce masa aikin wata uku, har da hotunan yara, ba ya ƙetarawa cikin ƙiftawar ido. Ya yi dariya, ya ce ni littattafai na sani, na'ura kuwa in bar wa masu ita. Ya buɗe jerin a kan sabuwar a gabana, ga sunaye reras. Na yarda, kuma wannan yardar ce ke hana ni cin abinci yanzu.

Ranar Litinin na kunna sabuwar don in buga jerin a takarda, sai ta ce ba ta ga komai ba. Na duba da kyau, na ga kowane dosiye da 'yar kibiya a gindinsa. Na ɗauko littafin da ya zo da na'urar, wanda Idrisa ya mayar matashin zama, na karanta shi da kaina. Ashe ba kayan ya kwaso ba, alamar hanya kawai ya kwaso. Muddin kabul na haɗe, sabuwar leƙa cikin tsohuwar take yi ta nuna mana, mu kuma muna ta murna. Da aka zare waya, sai ƙofofi suka rage ba ɗakuna. Wannan ma da sauƙi, da tsohuwar tana nan. Amma mutumin nan, saboda tsabar yarda da kansa, ranar Lahadi ya ɗauke ta ba tare da ya tambaye ni ba ya ba Alhaji Shekara, mai kai tsofaffin na'urori Kano, wai ta tare mana wuri. Da na tsare shi, cewa ya yi in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na ce masa ƙaddara ba ta yi wata shida a Damagaram ba.

To ga abin da nake so. Ka san shagon Alhaji Shekara a Sabon Gari. Ka je yanzu. An ce al'adarsa ita ce ya goge duk na'urar da ta shigo tas kafin ya sa ta a kasuwa, kuma yakan tara su ne ya goge ranar Asabar. Tawa baƙa ce, murfinta ya tsage an ɗaure da farin salatif, na rubuta sunana da jan biro a ƙasanta. In ka gan ta ka rungume ta, kada ka bari kowa ya kunna ta don gwaji, don ban san sau nawa ya rage mata ta tashi ba. Ɗanjuma direba, wanda ya kawo maka wannan takarda, yana ɗauke da sabuwar da shuɗin kabul ɗin, naɗe cikin zanena, da takardar ƙungiya saboda masu bincike a kan iyaka. Ka nemi wanda ya san aikin da gaske, wanda ba ya yawan magana. Ka zauna kusa da shi. In ya gama da wuri, ka ce ya sake. In ya ce an gama, ka zare kabul ɗin da hannunka, ka kashe tsohuwar, ka fitar da ita waje in ta kama, sannan a buɗe jerin a kan sabuwar. Ɗanjuma zai juyo Asabar, ka ba shi duka biyun.

Shi kuwa Idrisa na ba shi littafi da biro na tura shi ƙauyuka ya sake rubuto sunayen. Kwana biyu ke nan, ya kawo talatin da ɗaya, da ciwon ƙafa. Kai ma ka san ba zai kai ba.

Ka gaida Safiyatu, ka ce na ga turaren, na gode. Ka gaida Hamisu da Hawa da ƙaramar Fati. Inna da Rabi suna gaishe ku, Kawu Sule ma ya ce a gaishe ka, ko da yake kwana biyu ba ya iya haɗa ido da ni.

In an buɗe jerin, kada ka tsaya a sama. Ka gangara har ƙasa, lamba ɗari huɗu da sha biyu. Za ka ga A'i, daga wani ƙauye bayan Dungu, mai 'yan biyu. Ranar da na rubuta ta, ta biyo ni har bakin hanya da yaran, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa, tana tambaya ko da gaske sunanta ya shiga. Na ce mata ya shiga, ta koma gida. In ka ga sunanta, ka ari wayar ko ma wane ne ka kira ni.

Yayarka,
Baiwa