Ruwan Ɗorawar Da Ya Koma Kore

Zuwa ga aminiyata Hauwa'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da karatun digirinki na uku a can ƙasar waje. Na rubuto miki a nan intanet inda kowa zai gani, tunda wayarki ta daina gane lambata.

Kin tuna rumbun ajiyar takardu da na buɗe mana a intanet tun muna jami'a? Duk takardar binciken da ɗayarmu ta zuba sai ta faɗo a kwamfutar ɗayar, har da abin da ta rubuta a gefen shafi. Rubutuna ruwan ɗorawa, naki kore. Ke kika zaɓi launukan, kika ce, "Don kada wata ta ci gumin wata."

Na zauna da matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Faskari, na tambaye su yadda suke adana iri. Abin da suka faɗa ina rubuta shi a gefen takardun nan, duk ran da na samu sabis ya iso gare ki. Daga baya na daɗe a Sabuwa, babu sabis.

Yau na shigo Ƙanƙara, na jona intanet a wani shago. Ina kallo ruwan ɗorawata ya riƙa komawa kore, shafi bayan shafi. Sai ga babi na uku na aikinki ya faɗo, da sunanki ke kaɗai.

Aiki ya yi kyau, sai dai kin yi sauri. Inda na ce, "Gwaggona ta binne irin dawa a tukunya ƙarƙashin murhu kafin su gudu," haka kika bar shi. Ashe kin yi gwaggo a Faskari ban sani ba? Ke da ko Funtuwa ba ki taɓa wucewa ba.

Hauwa'u, da kin tambaya da na ba ki. Ke ce kika kai ni asibiti da zazzaɓi ya kayar da ni a ɗakin kwana, kika yi mini wanki har na warke. Inna har yau "ɗiyata" take ce miki.

Ga abin da ba ki lissafa ba. Takardun da na ci gaba da rubutu a kansu a Sabuwa, kwamfuta ta rasa wa za ta gaskata, sai ta ajiye biyu, nawa da naki, kowanne da ranarsa. Rumbun kuma nawa ne. Na cire miki ikon gogewa, na gayyaci farfesan da ke duba aikinki ya shigo cikinsa. Mutumin kirki, har ya karɓa.

Allah Ya mai da Gwaggo gidanta ta tono tukunyarta. Ke kuma Allah Ya ba ki lafiyar amsa tambayoyi.

Mai shago ya jawo ƙofa zai tafi masallaci, motar Faskari kuma ba ta kaiwa la'asar. Na tafi.

Taki har yanzu,
Rabi'atu