Wan matata ya kwashe 'ya'yansa daga gidan da yake narka dalma, ya bar nawa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ku kuma yi haƙuri da rubutun, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, a hankali nake haɗa baƙi.

Ina zaune a Ƙofar Marusa da matata da yara uku, a gidan wanta, Alhaji, wanda ya ba mu ɗaki biyu ba haya. Sana'arsa fasa tsoffin batiran mota, yana narka dalmar ciki a kangon bayan ɗakinmu. Kullum da safe matata takan ɗebo garwashi daga murhunsa ta hura namu, kwankon batir ɗin da ya fasa kuma a ciki take tara ruwan wanke-wanke. Ba mu taɓa ɗaukar haka a bakin komai ba.

Autarmu ba ta kai shekara uku ba, amma tari ya ƙi barinta. Ƙirjinta na kuka, numfashi sama-sama, a kwantar da ita asibiti, a sallamo mu, kafin wata ya zagayo mun koma. A zuwan ƙarshe likita ta sa aka ɗebi jininta, ta ce akwai gubar dalma, kuma tana raunana jikin yaro har ciwon ƙirji ya riƙa kama shi. Ta tambaye ni ko ana aikin batir kusa da mu. Na kawar da zancen, don matata na tsaye, kuma sana'ar wanta ce.

Abin da ke cin raina shi ne, bara Alhaji ya kwashe iyalinsa ya mayar Ƙofar Sauri, wai gidan ya yi musu kaɗan. Alhali ɗakunan da suka bari a kulle suke. Kuma tun lokacin in yaransa suka zo gaishe mu, a zaure yake tsayar da su, ko ruwan randarmu ba ya bari su sha. Da na ɗauka iyayi ne. Yanzu zuciyata na ce mini ya sani.

Na same shi cikin ladabi na faɗa masa maganar likita. Ya yi dariya, ya ce shekarunsa nawa yana shaƙar hayaƙin bai mutu ba, wai tunda na fara boko na zama dokta. Na tambaye shi dalilin tsayar da yara a zaure, sai ya ce in gidan ya ishe ni ƙofa a buɗe take. Matata kuwa kuka ta yi, ta ce Yaya ne ya riƙe ta tun rasuwar babansu, kada in raba ta da shi a kan zato.

Na hana ɗebo wutar, na zubar da kwankunan, amma hayaƙin ta taga yake shigowa. Ba ni da inda zan kai su. In kai ƙararsa wurin mai unguwa, ko in tura yarinyar ƙauye wurin innata, inda babu asibiti kusa in numfashin ya tashi? Jiya ma ya hura wutar.