Tsofaffi Biyu Nake Jinya

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan aikinmu na fadama, Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ban girma, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Yaya ɗawainiyar jama'a? Allah ya taimaka.

Ranka ya daɗe, ni ne akawun da ke riƙe da kwamfuta ɗaya tilo ta ofishinmu na Birnin Kebbi. Sau uku ina aiko takarda ta hannun shugabana, shiru kake ji. Na fito fili ne don tura ta kai bango.

Na ɗaya. Kwamfutar nan ta tsufa. Turawan da suka kafa aikin ne suka zo da ita, ko a lokacin ba sabuwa ba ce, yau kuma shekararta shida a hannuna. Injiniyan da ya koya mini ita ya ce a wurinsu ba a barin irinta ta wuce shekara huɗu ko biyar. Da na faɗa wa mai kula da sito, sai ya buɗe mini ƙa'ida: ba a sauya kayan gwamnati sai ya mutu murus, kwamiti ya zo daga Sakkwato ya ga gawar. Wannan ƙa'ida ta dace da tebur da kujera, don tebur in ya karye ba ya tafiya da sunan kowa.

Na biyu. A cikinta akwai sunayen manoman shinkafa na fadamar Zauro, da lambar filin kowa da iyakarsa. Da muka gama shigar da su, aka jibge tsoffin rajistoci a sito, wai mun ci gaba. Gara ta cinye su tas. Injin buga takardar ya daɗe da mutuwa, faya-fayanta kuma ba wata na'ura a ofisoshinmu da ke karanta su. Na fara kwafe sunayen da biro daga allo, amma ban kai ko rabi ba, don ba ta jure awa biyu a kunne.

Na uku. Ni kaɗai na san halinta. Ba ta tashi sai da sanyin safiya. Sai na jiƙa buhu na rataya a taga, na kunna mata fankar da na ɗauko daga ɗakin matata, sannan na dafa gefenta na hagu har ta daina gurnani. Mutum biyu aka turo su koya, kowa ya yi mako guda ya gudu. Abokan aiki suna kirana angon kwamfuta, ina dariya tare da su, amma a raina ba abin dariya ba ne.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Mahaifiyata tana Argungu, ɓarin jikinta ya shanye tun daminar bara. Ranar da ta faɗi a bakin rijiya ana makon rabon filaye, sai bayan kwana huɗu aka ba ni izinin zuwa. Ni kaɗai na rage mata ɗa namiji, maƙwabta ke juya ta, su ba ta kunu. Sau uku ina neman a mai da ni ofishinmu na Argungu, sau uku ana rubutawa a kan fayil ɗina cewa babu mai maye gurbina a kan na'ura.

Ka duba inda nake, ranka ya daɗe. An ƙi sauya kwamfutar don tana aiki, ba ta kuma aiki sai don ina nan, ni kuma an ƙi sakina saboda ita. Gaba kura, baya sayaki. Wallahi na taɓa tunanin in manta da jiƙa buhun rana ɗaya, kowa ya huta. Sai na tuna da faɗan iyaka a Zauro kafin a tsara lambobin nan, lokacin da 'yan uwa suka ɗaga wa juna lauje, na je na jiƙa buhuna.

Roƙona kaɗan ne. A kawo sabuwar kwamfuta tun wannan tana numfashi, a kwashe sunayen, a koya wa duk wanda aka ga dama. A kuma yanke mata wa'adin shekaru, don kada na bayana ya faɗa ramin da na faɗa. Sannan a sake ni in koma gida.

Duk Asabar ɗin da na je, da bakinta da ya karkace Inna takan tambaye ni ko tsohuwar ofis ta samu sauƙi. Tsofaffi biyu nake jinya, ranka ya daɗe. Ɗaya ana sayar da irinta a Legas.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya jiƙan magabata, ya ba ka 'ya'yan da za su samu damar tsayawa a kanka ranar da kake bukatarsu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Akawun kwamfuta, ofishin Birnin Kebbi.