Faifan Ƙofar Sito

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida matarka da jaririya. Ba zan ja gaisuwa ba. Direba ɗan Kawu zai kawo maka wannan, don wayata an farfasa ta.

An kashe Dogo, shugaban leburorin siton da Baban yara yake gadi. Ranar hutu ce, da rana tsaka aka same shi kwance a bakin ƙofa, kansa a fashe. Baban yara ya ce bayi ya zaga, ya dawo ya tarar da shi haka. Da farko an yarda. Sai mai sito ya ce a buɗe kwamfutar ofis a ga abin da kyamarar ƙofa ta ɗauka. Aka buɗe, wayam. Babu na ranar, babu na bara. Mabuɗin ofis kuwa, ranar hutu a hannun mai gadi yake.

Auta, ko tambayarsa ba su yi ba. Leburori suka rufe shi da duka, wani da katako, wani da ƙugiyar jan buhu. Mutumin da bai san inda ake kunna kwamfuta ba, wai shi ya goge. Sun karya masa haƙarƙari, sun zubar masa da haƙoran gaba, idonsa na hagu har yau bai buɗe ba. Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi. Yana asibiti yanzu, ƙafarsa da ankwa a jikin gado.

Da yamma 'yan'uwan Dogo suka zo gida, Mahauci da Mai Walda. Suka ɓalle ƙyaure, suka watsa min tukwane tsakar gida. Mahauci ya caka wuƙa a katifar yara ya tsarge ta har ƙasa, a gaban idonsu, ya ce ranar da aka sallamo ubansu haka zai yi wa cikinsa.

Kai ka sa wa kwamfutar nan babban faifan ajiya lokacin da kake nan. Na tuna ka dawo gida kana mita, kana cewa an ɗora wa tsohuwa, wai kwamfutar, kayan da suka fi ƙarfin wuyanta. Ban gane ba a lokacin, yanzu ma ba ganewa na yi ba. Ka zo ka faɗa musu da bakinka cewa ba hannun mutum ne ya goge ba. Iyakar abin da nake nema ke nan.

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Yayata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Allah ya ba shi lafiya, ya isar masa. Ki kwashe yara ki kai su gidan Kawu yau, kada ki jira gobe.

Ki kwantar da hankalinki, babu wanda ya goge komai. Bari in yi miki bayani yadda ko Kawu zai gane. Manhajar da ke tafiyar da kwamfutar nan ta girmi aurenki. Ba ta iya ƙirga wuri a kan faifai ya wuce giga ɗari da talatin da bakwai, haka aka gina irinta, don a zamaninta ba wanda ya yi mafarkin faifai zai wuce nan. Mai sito ya ƙi canja ta saboda sikelin awon buhuna da ita kaɗai yake jin magana. Ya kuma sayo faifai mai giga ɗari biyar ya ce lallai a sa, shi babba yake so ya gani. Na sa, na ja kunnen akawu ya riƙa kwashe hotuna kafin su kai iyaka. Akawun nan ya bar aiki tuni, da alama ya tafi da gargaɗin a aljihunsa.

Ita kuwa tsohuwa in ta kai iyakarta ba ta tsayawa, ba ta cewa uffan. Kamar agogo take yi, daga sha biyu ta koma ɗaya. Sai ta dawo farkon faifai ta ci gaba da rubutu a kan abin da ta tarar, kuma a nan ne take ajiye bayanin inda kowane hoto yake. Ta taka shi da ƙafarta, shi ya sa aka buɗe aka ga wayam.

To albishirinki. Hoton bai je ko'ina ba. Abin da ta ɗauka na ƙarshe shi ne yake kwance a farkon faifan, sai dai ba shi da suna. Na riga na kira mai sito na ce ya kashe ta, kada kowa ya taɓa. Ya buɗe muryar waya a gaban ɗan sanda mai bincike da 'yan'uwan mamacin, na ce musu in sha Allahu zan fito musu da fuskar wanda ya yi. Mahauci ya ce in nuna masa fuskar kawai, shi ya san sauran.

Kin ga ranar ƙaninki da kike cewa ba abin da ya iya sai buɗe cikin rediyo. Gobe ina hanya.

Naki,
Auta

*

Auta,

Sallama. Wa ya aike ka? Cewa na yi ka zo ka ce ba a goge ba, ban ce ka zo ka tono ba. Tun kana yaro haka kake, a aike ka ɗebo wuta ka dawo da gobara.

Ka karanta wannan ka ƙona. Ni ce a hoton.

Na kai wa Baban yara abincin rana kamar kullum. Tun daga kwana nake jin ƙarar sarƙa. Ina shigowa na ga Baban yara a ƙasa, Dogo a kansa da sarƙar ƙofa, yana zabga masa ta ko'ina. Wai Dogo ya zo da mota zai fitar da buhuna ba da sanin mai sito ba, shi kuma ya ƙi buɗewa. Ka san Baban yara, ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kau da kai. Ya dunƙule yana kare fuska, bakinsa duk jini. Na yi ihu, ba kowa a layin. Na riƙe rigar Dogo, ya make ni da bayan hannu, kular abinci ta tarwatse. Sai na ga ya naɗa wa Baban yara sarƙar a wuya ya fara ja. Idon Baban yara ya firfito.

Ƙarfen da ake tokare ƙofa da shi yana jingine. Ban san lokacin da na ɗauka ba. Sau ɗaya na sauke wa Dogo a ka, ya faɗi.

Baban yara ne ya tsince kwanukan ya cusa min a hannu ya ce in tafi, in kuma na buɗe baki bai yafe ba. Ya wanke fuska, ya ja riga ya rufe shatin sarƙa kafin a taru. Dukan leburori ya zo ya rufe dukan Dogo, shi ya sa likita bai bambance ba. Suna karya shi yana kallon ƙasa, bai ambaci sunana ba. Da na ji an ce hoto ya ɓace na yi sujada, na zaci ya tafi ke nan har abada.

Ina jin tsoro, Auta. Ba kurkuku nake tsoro ba, wuƙar nan nake gani duk na rufe ido. Ka ce musu ka yi kuskure, ba ya gyaruwa.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarki ta same ni a ofishin sito, Direba ya turo ta cikin ledar burodi. Babu ashana a nan, tauna ta na yi na haɗiye.

Da kin faɗa min tun a ta farko. Kin bar ni na buɗe baki a gaban mutane, yanzu kina cewa in mayar da magana ciki. Raina ya ɓaci da ke, ba zan ɓoye miki ba.

Abu ɗaya ya yi kyau. Na nuna wa mai bincike yadda tsohuwa take komawa farko, ya kawo nasu masanin ya duba, ya ce haka ne. Ya rubuta cewa ba a goge ba, ya ce za a cire wa Baban yara ankwa. Amma ya tafi ya bar ni da aikin fito da hoto, mai sito kuma ya sulale gida wai hawan jini.

Su biyu ne a kaina. Sun karɓe min waya. Mai Walda yana zaune a bakin ƙofa da guduma a cinya, Mahauci yana bayana, ina jin numfashinsa a ƙeyata. Na gwada abin da kika ce. Na ce da wuya ya gyaru. Ban rufe baki ba Mahauci ya buga min kai da tebur, ya ɗaga ni da kunne ya sake bugawa. Ya ce, “A waya ba haka ka ce ba. Surukinka kake rufa wa asiri?” Ya ɗora tafin hannuna a kan tebur ya soka wuƙa tsakanin yatsuna. Sannan ya zauna ya yi kuka kamar yaro, ya ce Dogo ne ya goye shi bayan rasuwar uwarsu. Shi ma ɗan'uwan wani ne, Yaya, wannan ne ya fi dukan ciwo.

Faifan yana haɗe da kwamfutata, tana tsinto hotuna ɗaya bayan ɗaya. Kada ki tambaye ni abin da zan yi, ban sani ba.

Auta

*

Autana,

Sallama. Direba ya ce ya hango fuskarka ta taga. Ban iya cin komai ba tun da ya faɗa.

Na je asibiti na ce wa Baban yara zan kai kaina. Ya damƙe min hannu har ya yi shati, ya ce Mahauci ba ya jiran alƙali, kuma wa zai riƙe yara. Amma kai ma ɗan wani ne, uban wata ne. Ni na goye ka, ba zan sa a yanka ka a madadina ba. Ka aiko da kalma ɗaya. In ka ce in je, mayafina yana hannu.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Kada ki je ko'ina, babu sauran abin da za a gani. Sun fita cin abinci suka kulle ni, a lokacin hoton ya fito. Na kalla, na share na kwamfutata. Da suka dawo na ce faifan ba zai buɗe ba sai a cikin tsohuwa. Na mayar mata. Ta ce ba ta san shi ba, ko ta share shi ta tsara shi sabo? Na ce e. Na kunna kyamara na ce su jira. Daga farko ta soma rubutu, daidai inda kike. Muka yini muna jira. Abin da ke kai yanzu ƙofa ce a rufe da wata akuya tana wucewa.

Mai Walda ne ya fara ganewa. Mahauci ya danne min hannun dama a kan tebur, shi kuma ya sauke guduma. Likita ya ce yatsu biyu za su dawo. 'Yan sanda sun kama su a kan wannan, za ku samu sararin barin unguwar. Ku bar ta.

Na ga sarƙar a wuyan Baban yara, na ga marin da aka yi miki. Duk yadda kika faɗa haka yake. Sai dai kin ce sau ɗaya. Yaya, Dogo ya riga ya faɗi, ya saki sarƙar, yana ɗaga miki hannu lokacin da kika sake ɗaga ƙarfen.

Tsohuwa ta manta. Ni ne ban san inda zan kai abin da na gani ba. Kada ki zo duba ni tukuna.

Ki gaida yara.
Ƙaninki