Haƙarƙarina a ƙarƙashin jar dawa

Birni, Damagaram, 9 ga Nuwamba 1984

Zuwa ga ɗana Tahiru a Yamai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Wasila da yara. Nan sai godiya. Damina ta sake wuce mu, gero ya ƙone tun bai yi kai ba. Ƙanen mahaifiyarka Mala ya baro garinsu, Damagaram Takaya, da matarsa Bintu, na ba su ɗakin marigayiya. Shekara shida gidan nan ba a jin motsin kowa sai tarina, yanzu har daka ake yi.

Ka tuna alkawarinmu: in likita ya ga huhuna ya ƙara lalacewa, zan rufe gida in zo wurinka. Ranar Litinin aka ɗauki hoton ƙirjina na bana. Likita ya ce hoto ɗaya ba ya gaya masa inda ciwo ya nufa, sai na kawo na bara ya gwada su. Na dawo na duba akwati, ambulan na nan da kwanan watan da na rubuta, hoto babu. Kwana biyu ina nema, ina hutawa bayan kowane taku goma. Ranar Laraba na tarar da Bintu tana tsince tsakuwa daga jar dawar taimako a kan wani baƙin faifai. Da ta kwashe dawar sai ga haƙarƙarina. Ta ce a ƙasa ta tsince shi, kuma tsakuwa ta fi fita a kansa.

Likita ya jera su biyu a jikin fitila, ya daɗe yana kallo, ya tambayi abin da ya karce na bara. Da na faɗa masa ya yi dariya, sannan ya ce, "Baba, ciwon nan ba ya warkewa, amma bana bai ci gaba ba. Taba dai kada ka koma mata."

Saboda haka kada ka nemo mini mota. Bintu ta mayar da murhu bayan gida don hayaƙi, hotunan kuma suna ƙasan akwatinta. Ina nan inda mahaifiyarka ta bar ni, sai hoton baɗi in Allah ya kai mu.

Ka gaishe da Wasila, da Balki, da takwarana.

Mahaifinka,
Mutari