Irin Yakuwar Inna

Aberdeen, Afrilu 1968

Yaya Haulatu,

Ina gaishe ki, da Baba da mutanen Sabo. Allah ya kawo ƙarshen yaƙin nan. Ni lafiya lau.

Irin yakuwar da marigayiya Inna ta ƙulle mini, na shuka shi da ruwan farko, yadda take yi. Ya tsiro, sai raɓa ta daskare don tsananin sanyi ta kashe shi. Uwar gidan da nake ta ce ko ganyen miyarta da suke kira dil sai Mayu take shukawa, in daskarewa ta wuce. Kunya ta hana ni tambayarta tun farko.

Don Allah ki duba gwangwanin Inna, ko da saura. In babu, ki rubuto kuna lafiya kawai, zan gane.

Ƙanwarki,
Zulaihat