Baba ya ce a yanka zakaran Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida. Admin don Allah ki ɓoye sunana, akwai 'yan unguwarmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara. Na san wasu za su ce duk matsalolin duniya a kan zakara mace ta zo tana kuka, ku daure ku karanta tukuna.

Ina aure a Enugu, a Obiagu muke haya, irin gidan nan na ɗaki yana kallon ɗaki, mu kaɗai ne Hausawa a ciki. Mijina mahauci ne. Bara Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa a ƙauyenmu, ta bar Baba ga tsufa, ga ido ya tafi, ga ruɗewa ta fara kama shi. Yayyena maza kowa ya ce gidansa ba wuri, mijina ne, Allah ya saka masa, ya ce mu ɗauko shi. Ranar tahowa Baba ya ƙi shiga mota sai da zakaran Inna. Duk kajinta an rabar, shi kaɗai ya rage, wani ja tsoho da muryarsa ta fi ƙarfin jikinsa. Haka muka taho da shi a kwando tun daga arewa.

Inda muke ba a jin kiran sallah, masallaci da nisa, mu waya ke tashinmu. Baba kuwa alam ya yi ta yi har ya gaji, sai ya ce yara ne ke wasa. Amma zakaran nan yana cara zai tashi zaune, ya laluba butarsa, ya kira Inna da sunan da yake kiranta ya ce asuba ta yi. Ni nake amsawa, bai taɓa ganewa ba. Ya yi sallah, ya sha koko, in kai shi bakin ƙofa ya watsa wa zakaran dawa yana yi masa faɗa kamar mutum. Muddin ya ji carar nan, a ganinsa yana gida, ya wuni lafiya lau.

Matsalar ita ce zakaran bai san agogo ba. Akwai ƙwan lantarki a tsakar gida, ana kawo wuta zai ɗauka gari ne ya waye. Da rana ma bai bari ba. Maƙwabciyata, bari in ce mata Maman Obinna, ta haihu da tiyata, jaririn ba ya barci, da ƙyar ta lallaɓa shi sai zakara ya tashe shi. Matar nan ita ta kai ni asibiti a haihuwata ta ƙarshe mijina yana mayanka, ita ta riƙe mini yara. Ba da faɗa ta zo ba, idonta duk ya faɗa, ta ce, “My sister abeg, this fowl no dey let my pikin sleep.” Wallahi na ji kunya. Sauran 'yan hayar ba su yi mana da sauƙi haka ba, an gaya mana maganganu, an yi mitin, mai gidan ya ce ko zakara ya bar gidan ko mu, zuwa ƙarshen wata.

Ba abin da ban gwada ba. Na kife shi da kwando na rufa bargo, ya yi cararsa a ciki. Na mayar da shi can ƙuryar gidan ta baya, masu ɗakunan can suka taso. Sai na ga wani bidiyo ana ɗaura wa zakara ƙyalle a wuya don muryar ta ragu, na ɗinka na ɗaura masa, ya koma wani ɗan gurnani kawai. 'Yan gida har godiya suka yi mini. Da asuba na je tashin Baba, ya ce in bar shi dare ne, zakara bai yi cara ba. Na yi na yi ya ƙi. Sai da ya ji zafin rana ta taga ya zabura, ya ce tun da ya yi wayo rana ba ta taɓa fito masa bai yi sallah ba, ya fashe da kuka. Daga nan ya hau tambaya, ina ne nan, wace ce ke, ina matar gidan. Da bakina na sake gaya masa Inna ta rasu, ya ji kamar ranar ne aka fara gaya masa. Ranar ko ruwa bai sha ba. Kafin magariba na kwance ƙyallen.

Mun nemi wani gidan har Coal Camp, wanda za mu iya kamawa babu, kuma ko'ina ɗin maƙwabta ne. In mayar da Baba ƙauye, ba mai ɗauke masa ko buta.

Abin da ya sa na rubuto, shekaranjiya mai gidan ya zo yana tuna mana notis a bakin ƙofa, yana cewa mun hana mai jego barci. Ashe Baba yana ji, da yake ya yi fataucin shanu zuwa kudu yana saurayi, yana tsintar Turancin broka. Mai gidan yana tafiya Baba ya kira ni da sunana, rabon da ya gane ni har na manta. Garau yake, ya ce, “Ashe mai jego muke hana barci? Ki ce wa mijinki ya yanka shi, ki yi farfesu da yaji sosai ki kai mata. Uwarki da haka za ta yi.” Na ce to Baba. Washegari ya manta ya faɗa. Zakara ya yi cara, Baba ya kira Inna, na amsa, ya ce a kawo masa dawa.

Mijina ya ce shi ba zai sa wa zakaran wuƙa ba sai na ce. Ni kuma tun ranar ba na iya cin abinci. Iyayena da 'yan uwana na wannan gida, musamman waɗanda suka yi jinyar tsoho, wace magana zan bi? Wadda ya faɗa yana cikin hankalinsa, ko halin da na san zai shiga? Akwai wata dabarar rage cara da ban sani ba, wadda shi zai ji maƙwabta su yi barci? In kuma yankawar ce mafita, ku gaya mini, idan gari ya waye shiru ya tambaye ni ina matar gidan, me zan ce masa?